Wai me sojojin wanzar da zaman lafiya suke tsinanawa ne?

Ɗan Tudun Wada:

Assalamu alaikum jama'a, da fatan an wuni lafiya. Dan Allah wata tambaya ce ta tsaya min a rai tun shekaranjiya, musu ne ya kaure a majalisarmu wajen mai shayi har aka kira isha'i ba a gama ba. Maganar sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya ce, masu shuɗiyar hula da fararen motocin nan. Yayana ya kafe akan ba su da wani amfani, yace shekara goma suka yi a Mali tun 2013 har gwamnatin sojan ƙasar tace su tattara nasu ya nasu a 2023 kuma ba a daina kashe mutane ba, yace a Kwango sun haura shekara ashirin amma 'yan tawayen M23 sun shiga birnin Goma a gaban idonsu har sau biyu, 2012 da farkon 2025, wai alawus kawai suke zuwa ci. Ni kuma sai na tuna marigayi kawunmu da yaje Laberiya yana soja, har Allah ya karɓi ransa in aka taɓo zancen sai ya yi shiru na ɗan lokaci sannan yace da ba su je ba da babu wanda zai saura a Monrovia. Shi yasa maganar yayan nawa ta yi min ciwo.

To tambayata itace, ƙasa tana da sojojinta da 'yan sandanta, me yasa sai an ɗebo wasu daga Bangaladash ko Nepal ko Najeriya waɗanda ko yaren mutanen basa ji sannan za a ce za a zauna lafiya? Me suke iya yi wanda sojan ƙasar ba zai iya ba? Dan Allah wanda ya san abin nan da gaske ya taimaka.

Tsohon Saje:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan kawunka yasa aljanna ce makoma, duk wanda ya taka Laberiya a waɗancan shekarun ɗan'uwana ne ko bamu taɓa haɗuwa ba. Ni Saliyo na yi, na fara da ECOMOG, rundunar ƙasashen Afirka ta Yamma, daga baya aka sauya mana hula zuwa shuɗiya muka koma ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, saboda haka abin da zan gaya maka ba a rediyo naji shi ba.

Farko ka cire wa ranka cewa ana kai mu ne mu ci yaƙi. Ka taɓa ganin mutum biyu sun sarƙe da kokawa a kasuwa har sun galabaita, kowa na haki, kowa so yake ya saki amma yana tsoron in ya fara saki ɗayan zai naushe shi? Haka za su yi ta cukuikuye da juna har sai wani na uku da duk suka yarda dashi ya shiga tsakani ya riƙe wannan ya riƙe wancan. Yaƙin basasa in ya daɗe haka yake komawa. Kuma sojan gwamnati ba zai iya zama na ukun nan ba don shi kansa ɗaya ne cikin masu kokawar, wannan ce amsar tambayarka a taƙaice, amma bari in baka yadda na gani.

Yaƙin Saliyo ya fara a 1991, 'yan tawayen RUF na Foday Sankoh suka tsallako daga Laberiya da goyon bayan Charles Taylor, idonsu na kan lu'ulu'un yankin Kono. Su ne masu datse wa mutane hannu, mata da yara da tsofaffi, ni da idona naga jaririya da dungulmi kuma har yau in na rufe ido ina ganinta. A 1997 sojojin ƙasar da kansu suka kifar da zaɓaɓɓen shugaba Ahmad Tejan Kabbah suka gayyato 'yan tawayen cikin gwamnati, kaga kenan wanda aka ba amanar tsaron gida shi ya buɗe wa ɓarawo ƙofa, to wa talaka zai kai wa kuka? ECOMOG ce ta kore su daga Freetown ta dawo da Kabbah a watan Maris 1998. Ranar 6 ga Janairu 1999 suka sake faɗowa birnin, suka ƙona gabashinsa, sati-sati muna gwabzawa gida-gida kafin muka fitar dasu, abokaina da yawa a can muka binne su.

A watan Yuli 1999 aka sa hannu akan sulhu a Lome. Amma takarda takarda ce, ba ta karɓar bindiga a hannun kowa. Aka turo rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya, da farko ba ta da ƙarfi, kuma ba zan ɓoye maka ba an ji kunya, a watan Mayu 2000 'yan RUF suka kama sojojinmu masu shuɗiyar hula kusan 500 suka kwashe musu makamai da motoci. Sai da Birtaniya ta turo nata sojojin, aka kama Sankoh, aka ƙara yawan rundunar har ta haura 17,000, Janar Daniel Opande na Kenya yana kwamanda, namu Martin Luther Agwai yana mataimakinsa, sannan al'amura suka fara daidaita.

To inda nake so ka tsaya ka kula shi ne kwance ɗamara a 2001. Ɓangare biyu ne, ga RUF ga 'yan sa-kai masu goyon bayan gwamnati da ake kira Kamajo, asalinsu mafarauta ne, kowa ya kashe wa kowa uwa da uba. An tsara abin gunduma-gunduma, su miƙa makamai a lokaci guda don kada wani ya ga an bar shi tsirara. Mu muke tsaye a ƙofar sansani, a karɓi bindiga a rubuta lambarta a cire mata abin da zai sa ta sake tashi a jefa cikin kwantena, a ba mutum kati. Akwai wani yaro da bazan manta ba, bai wuce shekara sha huɗu ba, bindigar ta kusa kai tsawonsa, ya zo har gabana ya tsaya ya ƙi sakinta. Ta bakin tafinta ya tambaye ni, in na baka wannan wa zai hana su yanka ni da daddare? Nace ni, nan zan kwana a bakin ƙofar nan. Ya daɗe yana kallon hulata da tutar da ke kafaɗata, ya ga ni ba Bamende bane ba Batemne ba, wato manyan ƙabilun ƙasar, ban san ƙauyensu ba, babu wanda ya kashe min a ƙauyenmu, sannan ya miƙo. Wallahi da sojan Saliyo ne a tsaye a wurin da yaron nan ya koma daji da bindigarsa, kuma ba zan ga laifinsa ba.

Kaga rashin jin yaren da kake gani kamar aibu ne, a ranar nan shi ne jarinmu.

Sama da mutum 70,000 aka kwance wa ɗamara a haka. Janairu 2002 aka tara makamai a Lungi aka cinna musu wuta Kabbah ya bayyana yaƙi ya ƙare, Mayu aka yi zaɓe, ƙarshen 2005 rundunar ta tafi. A 2007 ɗan adawa Ernest Bai Koroma ya ci zaɓe aka miƙa masa mulki ba a harba ko harsashi ɗaya ba, daga baya ma Saliyo ta riƙa tura nata sojojin Darfur da Somaliya. Laberiya ma kusan haka, 2003 Janar Abdulsalami Abubakar ya shiga tsakani aka yi sulhu a Accra, Taylor ya sauka daga mulki ya taho Kalaba, sojojinmu suka fara sauka kafin Majalisar ta kawo 15,000, aka karɓi makamai a hannun mutum sama da 100,000, Ellen Johnson Sirleaf ta ci zaɓe a 2005, ta miƙa wa George Weah a Janairu 2018, bayan wata biyu rundunar ta naɗe tabarmarta. Ƙasar da aka kashe kimanin mutum 250,000. Ka gaya wa yayanka ya sa waɗannan biyun a ma'auni shima.

Malama daga Maraɗi:

Baba Saje Allah ya ƙara girma, na karanta naka har ƙarshe kuma hawaye sun zubo min wajen yaron nan. Amma ka yi min haƙuri, ni ina tare da yayan mai tambaya a rabin magana, don mu da ke maƙwabtaka da Mali mun ga wani abu daban.

Sojojinmu na Nijar sun kasance cikin MINUSMA, rundunar Majalisar a Mali, a watan Oktoba 2014 an yi musu kwanton ɓauna tsakanin Menaka da Ansongo aka kashe tara rana guda, 'yan Cadi kuwa da aka kai can arewa Kidal da Tessalit da Aguelhok su suka fi kowa zubar da jini, gaba ɗaya sama da 300 suka mutu a aikin nan. To mi aka samu? Sulhun Aljiyas na 2015 tsakanin gwamnati da 'yan tawayen Abzinawa ne, amma masu dasa nakiya a hanya da masu shiga ƙauye su kashe mutane ba su sa hannu a komi ba kuma ba su da niyya. An kawo mai rabon faɗa wurin da ɗaya daga cikin masu faɗan shi mai rabon yake nema ya kashe. Kuma dokar aikinsu ba ta ba su damar bin 'yan ta'adda cikin daji ba, sai talaka ya ga motoci masu sulke suna wucewa ta gabansa, dare ya yi a zo a kore masa shanu, da safe su zo su rubuta rahoto. Ya za a yi ya ƙaunace su? Matsalar ma ta tsallako mana Tilaberi da Tawa suna nan zaune.

Sannan akwai Srebrenica a Bosniya, Yuli 1995, wurin da Majalisar da bakinta ta ce tudun mun tsira ne, sojojin Holan suna wurin aka ware maza Musulmi kusan 8,000 aka kashe. A Haiti sojojin da aka kai su suka kai kwalara a 2010 ta kashe mutane wajen 10,000, sai 2016 Ban Ki-moon ya nemi gafara. A Afirka ta Tsakiya an samu waɗanda suka lalata 'yan mata da yara, yaran da aka ce su je su tsare, wannan a matsayina na uwa ba zan iya yafewa ba. Ga Libiya da aka ce za a kare fararen hula a 2011 aka tarwatsa ta, makamanta suka watsu suka cinye mana Sahel. Kuma wa ke yanke inda za a je? Ƙasashe biyar masu kujerar na ƙi, Amurka ta tare duk abin da ya taɓa Isra'ila, Rasha ta tare na Siriya, su ba da kuɗi mu mu ba da 'ya'yanmu. Ni ban ce a soke abin ba Baba, amma raina na ɓaci in naji ana yabonsu kamar ba su da tabo.

Baƙon Abeche:

Salamu alaikum. Malama duk abin da kika lissafa ba zan musa ba, nima da bakina na sha faɗin irinsa. Ni ɗan kasuwa ne a gabashin Cadi, kakanninmu hanyar Makka ce ta ajiye su a nan kamar Hausawa da yawa da ke Cadi da Sudan, ina da dangi a Junaina da Nyala, shekara da shekaru ina shiga Darfur ta Adre da kaya. Lokacin da UNAMID, rundunar haɗin gwiwar Majalisar da Tarayyar Afirka a Darfur, take nan mu ma raina su muke, muna cewa ga masu ƙona mai a banza, ana kai hari a ƙauye sai bayan kwana biyu su iso, gwamnatin Bashir tana tare musu hanya tana hana su jirgi tana hana su biza su kuma sai haƙuri.

Amma akwai abin da ban lura dashi ba sai da suka tafi. Matan sansanin 'yan gudun hijira in za su fita neman itacen girki, a da sai sun zaɓa, in namiji ya fita a kashe shi in mace ta fita a yi mata fyaɗe, sai aka riƙa tura tsofaffin mata. Da rundunar ta zo sai ta sa ranaku, mota gaba mota baya a raka su daji su yi itace su dawo. Ba wani babban abu bane a idon mai kallo daga nesa, ba za a faɗa a labarai ba, amma ki tambayi matar da aka raka. Shi yasa da aka ce wa'adinsu zai ƙare 31 ga Disamba 2020, mutanen sansanin Kalma kusa da Nyala suka yi zaman dirshan suna roƙon kada su tafi, mutanen da suka fi kowa sanin gazawarsu kenan fa.

Ku duba lissafin kwanakin. Sansaninsu na Junaina tun 2019 suka miƙa shi, ƙarshen shekarar aka afka wa 'yan gudun hijira a sansanin Krinding da ke garin. Wa'adi ya ƙare ƙarshen 2020, sati biyu tsakani a Janairu 2021 aka sake afka wa Krinding aka kashe sama da mutum ɗari. Sai 15 ga Afrilu 2023 manyan janar biyu na Sudan, Burhan da Hemeti, suka juya wa juna bindiga, abin da aka yi wa ƙabilar Masalit a Junaina kuwa sai dai innalillahi, gwamnan jihar Khamis Abakar ya yi magana a talabijin a watan Yuni yana neman duniya ta kawo ɗauki, a ranar aka ɗauke shi aka kashe, masu binciken Majalisar sun ce tsakanin mutum 10,000 zuwa 15,000 aka kashe a garin nan kaɗai. Ina Adre lokacin da mutane suke tsallakowa, tafiyar da ba ta fi kilomita talatin da wani abu ba amma gawa a hanya, mata ba takalmi, wasu da harbi a jiki, na yi kwana huɗu ina zagaye cikin jama'a ina neman 'yar ƙanwar mahaifiyata kafin Allah ya haɗa mu, mijinta har yau babu labari.

Ban ce da UNAMID na nan za ta hana janar biyu yaƙi ba, ba za ta iya ba. Amma da akwai waya da aka kewaye da tuta a sama inda mutum zai ruga da 'ya'yansa, kuma da akwai idon baƙo, don mai kisa yana jin nauyin ya yi a gaban wanda zai rubuta sunansa ya aika hedikwatar Majalisar a New York. A Sudan ta Kudu da yaƙi ya ɓarke a Disamba 2013 buɗe ƙofofin sansanoninsu suka yi, mutane suka yi ta kwarara har suka kai wajen 200,000 a ciki. A Junaina babu ƙofar da za a buɗe. Kuma kada a manta da waɗanda suka mutu saboda mutanen Darfur, a Haskanita a 2007 tun rundunar tana hannun Tarayyar Afirka an kashe sojoji goma dare ɗaya, bakwai 'yan Najeriya ne, Allah ya jiƙansu.

Yaron Nima:

Gaisuwa daga Accra. Malama gyara ɗaya da girmamawa, abin da aka yi a Libiya jiragen NATO ne, babu mai shuɗiyar hula ko ɗaya a ciki, in aka haɗa su a kwando ɗaya za a ɗora wa wani laifin wani. Su waɗannan ƙa'idarsu uku ce, sai ɓangarorin sun yarda su zo, ba sa ɗaukar gefe, kuma ba sa harbi sai don kare kai ko kare aikin da aka ba su. Shi yasa da Mali tace su fita suka fita.

Maganar Srebrenica kuma gaskiya ce mai ɗaci, amma ni Ruwanda nake so a duba don mu a Gana abin ya shafe mu. Afrilu 1994 da aka fara kisan kiyashi kwamandan rundunar Majalisar, Janar Romeo Dallaire, yana da sojoji wajen 2,500 a ƙasar. Aka kashe 'yan Beljiyam goma, Beljiyam ta janye nata, ranar 21 ga wata Kwamitin Sulhu maimakon ya ƙara sai ya rage rundunar zuwa 270. Najeriya tana cikin kwamitin a lokacin kuma Farfesa Ibrahim Gambari yana cikin waɗanda suka nemi a ƙara ƙarfi, ba a saurare su ba. Cikin kwana ɗari aka kashe kimanin mutum 800,000.

To ga abin lura, a birnin Kigali ɗaya, cikin wata ɗaya. Akwai wata makarantar koyon sana'a a unguwar Kicukiro inda mutum wajen 2,000 suka fake saboda sojojin Beljiyam na ciki, kwanaki 'yan daba suna zagaye da adduna ba su iya shiga ba, ranar 11 ga Afrilu sojojin suka hau mota suka tafi, kafin dare an kashe mafi yawan mutanen. A filin wasa na Amahoro kuma inda rundunar ta ci gaba da zama, dubbai suka rayu. Sojojinmu na Gana 'yan ɗaruruwa ƙarƙashin Janar Henry Anyidoho su suka ƙi tafiya, ba isassun harsasai ba isasshen abinci, ga wani kyaftin ɗan Senegal Mbaye Diagne, Musulmi mai riƙo da addini, da ya riƙa ɗiban mutane a motarsa kaɗan-kaɗan yana ratsa shingayen makasa da baki kawai ba bindiga, har aka kashe shi ranar 31 ga Mayu. Yanzu akwai lambar yabo da sunansa. Ni abin da na ɗauka a Ruwanda shi ne mutanen nan tafiyar sojojin ce ta kashe su. Kofi Annan ɗanmu shi ke riƙe da ofishin wanzar da zaman lafiya a lokacin kuma daga baya ya amsa cewa an gaza. Darasin ne yasa rundunar Saliyo da Baba Saje ya yi aiki a ciki a 1999 ta zama ta farko da aka rubuta mata ƙarara cewa tana iya amfani da ƙarfi don kare fararen hula.

Ɗan Tudun Wada, akan kuɗi kuma da yayanka ke cewa, kasafin duk rundunonin nan na shekara wajen dala biliyan 6 ne a 2023, duniya kuwa ta kashe sama da dala tiriliyan 2 akan soja da makamai a 2023 kaɗai, ko rabin kashi ɗaya cikin ɗari bai kai ba. Ni dai in na karanta aya ta 9 a Suratul Hujurat, inda aka ce in ƙungiya biyu ta muminai suka yi faɗa a sulhunta su, in ɗaya ta yi zalunci a yaƙe ta har ta dawo, sai in ga ai tun can an nuna dole akwai na uku, kuma na ukun sai da ƙarfi a hannunsa.

Malama daga Maraɗi:

Na karɓi gyaran Libiya, na gode ɗan'uwa. Baƙon Abeche Allah ya bayyana mijin 'yar'uwarka, ya ba ku haƙuri. Amma ku lura duk misalan da suka yi kyau, Saliyo da Laberiya, maƙwabta ne suka fara shiga da jininsu kafin New York ta motsa, haka Gambiya a Janairu 2017 da Yahya Jammeh ya ƙi sauka bayan ya faɗi zaɓe, sojojin CEDEAO, wato ECOWAS, suna tsallaka iyaka ya hau jirgi. A Disamba 2023 Kwamitin Sulhu ya amince zai iya biyan har kashi 75 cikin ɗari na kuɗin rundunar da Tarayyar Afirka za ta jagoranta, ni nan nake so in ga an yi da gaske. Kuma duk sojan da ya taɓa yarinya a kai shi kotu a ɗaure shi kowa ya gani, ba a sa shi a jirgi a mayar dashi gida shiru ba.

Ɗan Tudun Wada:

Wallahi na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri, yau da daddare zan karanta musu duka a majalisa har da na Malama don kar yayana yace na ɓoye nasa ɓangaren. Baba Saje tambaya biyu in ba damuwa. Shin irin wannan rundunar zata yi mana maganin 'yan bindigar Zamfara da Katsina? Sannan kawunmu ance tun tafiyar farko ya je, ina ne za a ce ya yi aiki?

Tsohon Saje:

Ta farko a'a ɗana, kada ma ka sa rai. Can akwai shugabannin da suka zauna suka sa hannu kuma in sun ce a ajiye yaransu za su ajiye, mu tsaron alkawarin muka je yi. Nan daba-daba ne barkatai kowa da ubangidansa, ka yi sulhu da wannan gobe wancan ya tare hanya, abin da Malama ta faɗa akan Mali shi zai faru. Wannan aikin sojanmu ne da ɗan sandanmu da alƙalinmu, da kuma gwamnonin da za su daina wasa da maganar makiyaya da gonaki da haƙar zinariya.

Ta biyu, in tafiyar farko ce to Agusta 1990 kenan, ta jirgin ruwa suka sauka a tashar Freeport ta Monrovia ana ruwan harsashi, Najeriya da Gana da Gini da Saliyo da Gambiya, Janar Arnold Quainoo na Gana ne kwamanda. A wannan tashar Prince Johnson ya kama shugaba Samuel Doe a watan Satumba, bayan nan aka ba Janar Joshua Dogonyaro ragama suka tura mayaƙan Taylor wajen gari. In kuma ya kai Oktoba 1992 a can to ya ga babban harin da Taylor ya kawo don ƙwace birnin, su suka tsaya a gaba, mutanen da suka gudo daga ko'ina cikin ƙasar suna bayansu ga teku a bayan mutanen, ina jin abin da yake nufi kenan in yace babu wanda zai saura. Ka roƙi iyalinsa su buɗe maka akwatinsa na ƙarfe, yawancinmu a ciki muke ajiye lambar ECOMOG da hotuna da takardar sallama, in ka samu lambar bataliyarsu ka rubuto min ita, wataƙila cikin waɗanda muke haɗuwa dasu wajen karɓar fansho akwai wanda ya san shi.